Agogon Da Aka Rage Wa Gudu

Yau kuma hirar tamu a kan agogo za ta tsaya. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, duk matsalolin da suka ishe mu a gidajenmu a rasa abin da za a ɗauko sai agogo? To ke dai ki ba ni aron hankalinki, in kin ga babu tsoka a cikin zancen sai ki rufe littafin ki koma kan tukunyarki.

Abin da ya jawo maganar shi ne, an sa ranar ɗiyar yayata, kuma Kumasi ta ƙasar Gana za a kai ta, domin can mijin yake sana'arsa. Da aka zo rabon kayan ɗaki a tsakanin dangi, ni sai aka ɗora mini labule da agogon bango. Na shiga kasuwa na zaɓo mai kyau mai ruwan gwal a gefe, na kawo gida na ajiye a kan gado ina ta kallonsa. Ana haka ƙanena ya shigo gaishe ni. Shi kuwa aikin safiyo yake yi, irin masu auna filaye da hanyoyin nan. Ya ɗauki agogon ya jujjuya, ya ce, "Yaya, kin san dai idan ya isa can sai an mayar da shi baya da awa guda ko? Ƙarfe takwas ɗinmu bakwai ce a wurinsu."

Na ce, "Na sani mana, ai muna ji a rediyo, ana cewa agogon Najeriya da Nijar, ana cewa agogon GMT da Gana."

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, murɗawa ɗaya an gama. Akwai agogon da tun kafin ya bar gida ake rage masa gudu, don an san idan ya isa inda za shi sauri zai dinga yi."

Na ce, "Kai dai ba ka rabo da zolaya." Ya ce wallahi ba zolaya ba ce, kuma wayar da ke hannuna ma da irin wannan agogon take aiki. Ranar nan sai da miyata ta kusa kamu, saboda na tsare shi da tambaya. Bayan ya tafi kuma na bi diddigi na karanta abin da na samu, shi ne nake son in ɗan gutsura muku.

Kin san taswirar nan ta cikin waya, wadda take nuna wa direba hanya, ko ki tura wa baƙuwa inda gidanki yake ta zo har ƙofa ba ta tambayi kowa ba? To ita wayar ba duba take yi ba. Saƙo take karɓa daga wasu taurarin ɗan'adam da ake kira GPS, waɗanda sojojin Amurka suke kula da su. A 1978 suka fara harba su, zuwa 1995 aka bayyana cewa tsarin ya kammala da taurari 24. Rasha da Sin da ƙasashen Turai su ma kowa yana da nasa, amma na Amurkan ne ya fi suna. Suna can sama da tazarar kimanin kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda, kuma kowanne yana ɗauke da agogo. Aikinsu dare da rana shi ne shela: ni ne wane, ina wuri kaza, ƙarfe kaza. Shi ke nan.

Yadda wayar take gano inda kike kuwa, duk wadda ta tashi a karkara ta san shi ko da ba ta san ta sani ba. Idan kika hango mace tana daka daga nesa, za ki ga taɓarya ta sauka, sai an ɗan jima ki ji ƙarar. Gwargwadon nisanku gwargwadon jinkirin. Haka wayar take yi. Tana duba lokacin da saƙon ya baro tauraron da lokacin da ya iso gare ta, daga jinkirin ta san nisan. Idan ta ji daga taurari huɗu, ta san inda take tsaye. Sai dai shi wannan saƙo da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a sakan guda. Saboda haka kuskuren da bai kai ƙiftawar ido ba a agogo, a ƙasa tafiya ce mai nisa.

A nan ne wani mutum mai suna Albert Einstein ya shigo cikin zancen. Haifaffen Jamus ne, kuma a 1905 yana ɗan ma'aikaci a ofishin rajistar ƙere-ƙere a birnin Bern na Suwizalan ya fito da wata magana da ta girgiza masana. Ya ce agogon da yake tafiya da gudu, idan wanda yake tsaye ya auna shi, zai tarar yana jinkiri. Shekara goma bayan nan, a 1915, ya kammala ta biyu: agogon da yake kusa da abu mai nauyi kamar duniyarmu ya fi wanda yake nesa da ita nawa. Wato ƙarfin nan da yake jawo ƙwarya ƙasa idan ta suɓuce miki, har lokaci yake ja. Ki lura da kyau, bai ce agogon ne yake lalacewa ba. Cewa ya yi shi lokacin kansa ne ba ya tafiya bai ɗaya a ko'ina.

To su taurarin nan duka biyun sun hau kansu. Ki ɗauki sakan guda ki raba shi gida miliyan. Saboda gudun da tauraron yake yi, kusan kilomita 14,000 a awa, agogonsa yana yin baya da kashi 7 na irin wannan rabon a kowace rana. Saboda nisansa da ƙasa kuma yana yin gaba da kashi 45. In kika cire bakwai daga arba'in da biyar saura 38. Da wannan yake tsere wa agogon ƙasa kullum ta Allah. Da ƙanena ya faɗa sai na kwashe da dariya, na ce, "Haba! A kan wannan ne kuke ta da jijiyar wuya?" Domin in an bar shi sai ya yi kimanin shekara 70 kafin ya tara sakan ɗaya tak. Ya ce, "Yaya, a cikin wannan ɗan abin da kika raina, haske ya ci kilomita 11." Na yi tsit.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, su kansu masu ƙera abin ba dukansu ne suka yarda ba da farko. Ko da yake tun a 1971 wasu Amurkawa biyu, Hafele da Keating, sun sayi kujeru a jirgin fasinja sun ɗora agogo huɗu, suka kewaya duniya ta gabas suka sake kewayawa ta yamma, suka dawo suka tarar agogon sun saɓa da waɗanda aka bari a gida kamar yadda lissafi ya nuna. Duk da haka a 1977, da aka harba wani tauraron gwaji mai suna NTS-2, sai aka sa masa na'urar gyara amma aka bar ta a kashe. Aka zuba wa agogon ido kimanin kwana 20. Ya kuwa yi ta gaba, kusan daidai da abin da lissafin Einstein ya faɗa. Gani ya kori ji, sai aka kunna na'urar.

Daga nan aka ɗauki dabarar da ƙanena ya fara gaya mini. Agogon da ya kamata ya buga sau 10,230,000 a sakan guda, sai a saita shi ya gaza haka da ɗan kaɗan, ragin da bai kai kashi ɗaya cikin 200 na bugu guda ba. In kika auna shi a nan ƙasa za ki ce wannan agogo nawa gare shi, a mayar wa mai shi. Amma da ya isa can sama sai mu da muke ƙasa mu ga ya yi daidai da namu cif.

Na ce da shi, "To yanzu tsakani da Allah, wanne ne mai gaskiya, na saman ko na ƙasan?"

Ya ce, "Duka biyun."

Wannan amsar ce ta hana ni barci. Domin ni tun tasowata na ɗauka akwai wani babban agogo a wani wuri, wanda shi ne uban gaskiya, sauran duk kwaikwayonsa suke yi. Mahaifinmu da labaran rediyo yake saita nasa, mu kuma mu saita da nasa, sai na ɗauka su ma masu rediyon akwai inda suke dubawa, har a dangana da wanda ba ya duba kowa. Ashe babu shi. Lokacin da duniya take bi a yau, wani ofishi ne a gefen birnin Paris na Faransa yake tattara bayanan agogo ɗaruruwa daga ƙasashe daban-daban, ya duba wanda ya yi gaba da wanda ya yi baya, ya fitar da matsakaici. Kin ga ashe ƙarfe goma sha biyun da muke rantsuwa a kanta shawara ce aka yi aka tsayar.

Kakata ba ta taɓa ɗaura agogo ba har ta koma ga Mahaliccinta, amma ban taɓa ganin ta makara ba. Tana da asuba da hantsi da walaha, tana da inuwar katanga da take dubawa ta ce a ɗora sanwa. In ka tambaye ta shekarun wani sai ta ce ai shekarar fara aka haife shi. Mukan yi mata dariya muna yara. Yanzu da na yi tunani, me ya raba ta da masanan? Ita tana ƙirga dawowar inuwa, agogon bango na dā yana ƙirga kai-kawon ɗan lilonsa, na cikin tauraro yana ƙirga kaɗawar wani abu a cikin ƙwayar zarra. Tun 1967 aka daidaita cewa abin da ake kira sakan shi ne kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ya dace da ƙwayar zarrar wani sinadari da ake ce wa siziyam. Adadin yana da ban tsoro, amma dai ƙirga ce, irin ta kakata. Babu wanda ya taɓa kama lokaci da hannu ya ɗora a sikeli. Abin da yake maimaita kansa muke nema mu ƙirga, mu ce mun auna.

Ita ma duniyar da aka fara ƙirga da ita ba ta tsaya a kan magana ɗaya ba. Dā can ana cewa sakan kashi ɗaya ne cikin 86,400 na kwana guda. Da aka samu agogon da ya fi ta natsuwa sai aka gano juyawarta tana ɗan sauri tana ɗan nawa. Shi ya sa daga 1972 zuwa ƙarshen 2016 sau 27 ana ƙara wa agogon duniya sakan guda don ya jira ta. A 2022 kuma aka yi taro aka ce nan da 2035 za a daina wannan jiran, domin yana rikita kwamfutoci.

Da farko na so in kwatanta abin da mudu. Kowace mace ta san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba, alhali hatsin bai canza ba. Bambancinmu da Gana irin wannan ne, suna ne kawai mutane suka raɗa wa sa'a, rana ɗaya ce take kanmu. Amma zancen tauraro ya wuce nan. A can mudun iri ɗaya ne sak, hatsin ne ya bambanta. Agogo biyu 'yan gida ɗaya, babu mai ciwo a cikinsu, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna, kuma lokacin da ya wuce a kan wannan ba shi ne ya wuce a kan wancan ba. A 2010 ma wasu masana a Amurka sun ɗaga agogo ɗaya sama da ɗan'uwansa da santimita 33 kacal, suka ga na saman ya fi sauri. Don haka 'yar uwa mai ɗaki a saman bene, kin ɗan fi ta ƙasa saurin tsufa, sai dai ba abin da madubi zai nuna ba ne, kada ki tashi hankalin maigida a kan sauya ɗaki.

Bari in tsaya nan in ja kunne. Kada wata ta ji wannan ta je biki ƙarfe shida alhali an ce huɗu, ta ce ai Bature ya ce kowa da lokacinsa. Ƙarya kike masa. Ni da ke da muke taka ƙasa ɗaya bambancin agogonmu ko kusa bai kai abin lura ba. Haka nan daren da yake yi wa mai jinya tsawo ya yi wa amarya gajarta, wannan aikin zuciya ne, ba shi Einstein yake nufi ba. Su masu taurarin ma ai da suka gano kowa da lokacinsa, ba su ce kowa tasa ta fisshe shi ba. Wahala suka sha suka daidaita, don kada matafiyi ya ɓata.

Abin da ya taɓa ni a cikin labarin daban ne. Ni ma an taɓa ɗauka ta aka kai wani gari. A gidanmu ba a cin tuwon dare sai an yi sallar isha'i, kowa ya natsu. Gidan da aka kai ni kuwa kafin magariba an sauke an raba. Kwana uku da fara girkina, rana ta faɗi ina kan tuƙi, sai wata daga cikin manyan gidan ta leƙo madafa ta ce, "Ke a gidanku ba a koya miki lokacin abinci ba ne?" Wallahi yau fiye da shekara ashirin, amma ina rubuta wannan ina jin zafin maganar. Makarar ba ta dame ni ba, washegari na gyara. Abin da ya soke ni shi ne an mai da uwata marar tarbiyya a kan abin da ba laifi ba. Kuma don wauta irin ta ƙuruciya sai na yarda. Na daɗe ina ganin gidanmu ne a karkace, duk abin da na zo da shi sai na ɓoye, har yadda muke gaisuwa.

Da a ce a lokacin akwai wanda zai zaunar da ni ya ce, yarinya, agogonki lafiyarsa lau, wuri ne ya canza, da na yi gyaran nan da sakakkiyar zuciya. Domin gyara iri biyu ne. Akwai wanda ake yi wa abin da ya lalace, akwai wanda ake yi wa lafiyayye don ya iya zama da wani lafiyayyen. Mu mata mun fi kowa shan na biyun, amma sai a riƙa yi mana shi da harshen na farko. Ban ce kada a gyara ba. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma gida ba ya yiwuwa da tukunya biyu kowace da sa'arta. Masu GPS ma agogon ƙasa suka ɗauka ya zama abin bi, amma ba don ya fi na sama gaskiya ba, sai don a ƙasan mutane suke. Zaɓi ne na zaman lafiya.

Na san abin da wata za ta ce, don ni ma na faɗa wa ƙanena. Na ce, "Wato dai ko a sama wanda ya bar gida shi ne a wahale. Shi za a rage wa gudu, na ƙasa yana zaune daram." Ya ce ba haka ba ne gaba ɗaya. Na ɗaya, ba a harba tauraro a juya masa baya. Akwai tashoshi a sassan duniya da suke sauraronsa dare da rana, da babbar tasha a jihar Colorado, kuma a kai a kai ana aika masa da bayanin inda agogonsa ya ɗan kauce. Na biyu kuma, hanyar da tauraron yake bi ba da'ira ce cikakkiya ba, wani lokaci ya ɗan matso wani lokaci ya ɗan nisanta, saboda haka saurin agogonsa yana ɗan hawa yana sauka. Wannan ragowar ba a ɗora masa ba. Na'urar da take karɓar saƙon a ƙasa, wato wayar hannunki, ita take yin wannan lissafin da kanta duk lokacin da ta saurare shi.

Na jima ina juya wannan a raina. Mu da muke aurar da 'ya'ya, mun iya na farkon, mun iya rage gudu. Tun yarinya tana ƙarama ake ce mata yi a hankali, sassauta murya, gidan wani za ki. Ranar kai ta a yi ta kuka a yi ta nasiha, yi na yi bari na bari. Sannan a watse, sai kuma in an ji ta haihu ko ta yi yaji. Su kuma masu karɓa, nawa ne a cikinmu suke ɗaukar nasu kason lissafin? Ni kaina da aka kawo matar ɗan mijina gidan nan, na kama bakina sau biyu yana shirin faɗin irin maganar da aka faɗa mini, a kan wanke-wanken da ta bari ya kwana. Sau ɗaya na riƙe, sau ɗaya ta suɓuce. Ban ji daɗin kaina ba.

Kuma kada kwatancen ya ruɗe mu, mace ba agogo ba ce. Shi agogo in an rage masa gudu ba ya jin ciwo, ba ya kewar gida, ba ya kwana yana tunanin ko shi ne bai iya ba. Sannan masu lissafin sun san adadin abin da za su rage tun kafin a tashi, ba su ƙara ko ɗigo a kai don mugunta ko don a nuna masa iyakarsa. Mu kuwa wa ya taɓa auna mana iya abin da ya kamata yarinya ta bari, da abin da in ta bari ta bar kanta? Ni dai ban ga an auna ba, kowace da ƙiyasi ake tura ta.

Ana jibi za a tafi da kaya na ɗauko agogon nan na murɗa shi baya da awa guda, na naɗe shi a tsohon zani na kai gidan yayata. Ta buɗe ta duba, ta dubi na hannunta, ta ce, "Ke kuma an cuce ki a kasuwa, wannan ai a makare yake." Na ce ta bar shi haka, na can ne. Sannan na shiga ɗaki wurin amarya, na tarar an gama yi mata lalle tana zaune ta miƙe ƙafafu. Na ce mata duk ranar Juma'a ƙarfe biyar na yamma zan kira ta a waya, ko da abin faɗa ko babu, kuma in ta ga wani abu a can da ya saɓa da na gida ta fara gaya mini kafin ta yanke wa kanta hukunci.

Ta ɗago kai ta ce, "Inna, biyar ɗinku ko biyar ɗinmu?"

Ko kayanta ba a gama ɗaurewa ba, har Kumasi ta zama "mu". Na ce mata biyar ɗinsu.